Agogo da kujera ko na'ura mai tsada: da me za a auna tafiyar tsoho da mai lalura kafin a kai ga faɗuwa?

Kafin ranar da za a ɗaga tsoho daga ƙasa, tafiyarsa ta daɗe da sauyawa. Taku ya gajarce, ƙafa ta fara sharar ƙasa, hannu ya koyi laluben bango da bayan kujera, juyawar da a da taku biyu ke isar mata ta koma taku biyar. Waɗanda ke zaune da shi su ne na ƙarshen lura, don kullum suna ganinsa. Amfanin awo shi ne ya mayar da wannan sauyi lamba, wadda za a rubuta yau a kwatanta da ta bayan wata uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, da mai cutar Parkinson (ciwon da ke sa karkarwa da sanƙarewar jiki), da mai ƙafar roba, abin ya zarce haka.

Wanda ya tashi neman abin awo zai tarar da hanyoyi biyar: gwajin agogo da kujera, takardun ba da maki na likitocin fisiyo (masu gyaran motsin jiki ta hanyar atisaye), waya ko 'yar na'urar da ake ɗaurawa a jiki, tabarma da allo masu jin taku, sai ɗakin gwaji mai kyamarori. Kowane mai sayar da na'ura zai ce tasa ce ke hango faɗuwa. Gaskiyar magana, babu ɗaya cikin biyar ɗin da za ta nuna maka wanda zai faɗi da wanda ba zai faɗi ba kai tsaye. Bambancinsu yana ga irin tambayar da kowacce ke amsawa, kuma kuɗi kan tafi a banza ne idan aka sayi amsar tambayar da ba a yi ba.

Abubuwan da za a duba kafin zaɓe

Na farko, me kake son sani? Tambayoyin uku ne, kuma ba ɗaya suke ba: wa ke cikin haɗari, me ya sa yake tangaɗi, da kuma ko atisayen da ake yi masa yana aiki. Ta farko agogo ya ishe ta. Ta biyu tana son ƙwararren ido. Ta uku tana son awon da ake maimaitawa iri ɗaya sak.

Sai kuɗi, na saye da na riƙewa, don na'urori da yawa kuɗin manhajarsu na shekara-shekara ya fi na sayensu ciwo. Sai ƙarko. Sai sauƙi, wato minti nawa, fili nawa, horo nawa. Sai haɗari, wanda iri biyu ne: mutum ya faɗi ana cikin gwaji, ko kuma sakamako ya ce lafiya lau alhali ba haka ba ne. Na biyun ya fi illa domin ba a ganinsa. Abu na ƙarshe shi ne dacewa da mai lalura, saboda yawancin waɗannan ma'aunai a kan tsofaffi masu tafiya da ƙafafunsu biyu ba sanda aka fara gwada su.

Kafin a taɓa agogo ma, akwai tambayoyi uku da ƙa'idojin duniya na kare tsofaffi daga faɗuwa, waɗanda aka fitar a 2022, suka sa a gaba: Kin faɗi a cikin shekarar da ta wuce? Kina jin rashin tabbas idan kina tsaye ko tafiya? Kina fargabar faɗuwa? Wadda ta faɗi sau biyu a shekara, ko ta ji rauni, ko ta kasa tashi daga ƙasa da kanta, ko ta suma, ta riga ta shiga sahun masu babban haɗari. Ba a jiran sakamakon wani gwaji kafin a duba ta sosai.

Hanya ta farko: agogo, kujera da tef

Kayan aikin ba su wuce agogon waya, tef ɗin awo, abin yin alama a ƙasa da kujera mai ƙwari ba. A nan ya kamata a daɗe, don wannan hanyar ce kowa zai yi, kuma a nan aka fi tafka kuskure.

Saurin tafiya shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ƙa'idojin 2022 suka fifita. A auna mita 4 a shimfiɗaɗɗen fili marar gargada, a yi layi a farko da ƙarshe, a bar fili bayan layin ƙarshe don kada mutum ya rage gudu tun bai iso ba. A ce masa ya yi tafiyarsa ta kullum. A yi sau biyu. A raba mita 4 da yawan daƙiƙoƙin. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 5 yana tafiyar mita 0.8 a daƙiƙa, kuma nan ne iyakar: daga 0.8 zuwa ƙasa, a bincika. Ga mai shanyewar ɓarin jiki akwai rabon da aka saba amfani da shi: ƙasa da 0.4 tafiyar cikin gida ce kawai, 0.4 zuwa 0.8 yana iya fita amma da iyaka, sama da 0.8 yana iya shiga jama'a.

Matsalar gajeren fili ita ce yatsan mai awo. Idan ya makara da kashi uku cikin goma na daƙiƙa, tafiyar daƙiƙa 4.0 ta zama 4.3, sauri ya sauko daga 1.00 zuwa 0.93. Wannan gibi na 0.07 ya fi ƙaramin sauyin da masana ke ɗauka da muhimmanci, wato 0.05. Ke nan za a iya cewa dattijo ya ja baya alhali yatsa ne ya yi nauyi. Maganinsa, mutum ɗaya ya riƙa yin awon, ya tsaya daidai layin ƙarshe, kuma kada a ɗauki sauyi da gaske sai ya kai 0.1. Idan akwai fili, a shimfiɗa mita 10 a auna shida na tsakiya.

Gwaji na biyu shi ne na tashi-ka-tafi, wanda aka fi sani da TUG, aka kuma wallafa shi a 1991. Kujera mai hannu, tsayin mazauninta kusan santimita 46. Layi a mita 3. Mutum ya zauna bayansa jingine, da takalminsa na kullum da sandarsa idan yana da ita. Da an ce "tafi" agogo ya fara, ya tashi, ya je layin, ya juyo, ya dawo ya zauna, agogo ya tsaya. A ba shi zagaye ɗaya na gwaji da ba a ƙirgawa. Kujerar falo mai lotsawa ko gajera tana ƙara daƙiƙoƙi, don haka sakamakonta ba ya kwatantuwa da komai.

Iyakar da ake amfani da ita ta bambanta. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce daƙiƙa 12. Wani sanannen bincike na 2000 ya ce 13.5. Ƙa'idojin 2022 sun ce sama da 15. Wannan saɓanin kansa ya isa ya nuna cewa lambar ba hukunci ba ce. Wani nazari na 2014 da ya haɗa bincike da dama ya gano cewa a iyakar 13.5, gwajin bai kama fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka faɗi daga baya ba. Wanda ya yi jinkiri lallai a kula da shi, amma wanda ya yi sauri bai tsira ba.

Abin da ido ke gani a cikin daƙiƙoƙin nan ya fi lambar daraja. Ɗauki dattijuwar da ta gama a daƙiƙa 11, wato ta ci gwajin. Amma sai da ta yi yunƙuri biyu kafin ta rabu da kujera. A wurin juyawa ƙafafunta suka harɗe, ta yi 'yan ƙananan taku shida, hannun hagu ya ɗan buɗe yana neman abin kamawa. Da ta dawo ba ta jira bayan gwiwarta ya taɓa kujera ba, tun tana karkace ta miƙa hannu ta cafki hannun kujerar ta faɗa ciki jagwab. Agogo bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. A rubuta su a gefen lambar.

Za a iya ƙara wa gwajin nauyi ta hanyar sa mutum ƙirge da baya uku-uku yana tafiya, ko ya riƙe kofin ruwa. Dalili kuwa, tafiyar da ta fara lalacewa tana cin hankali, idan aka raba hankalin sai ɓarakar ta fito. A 1997 masu bincike a Suwidin suka lura da tsofaffi 58, sai 12 daga ciki suka riƙa tsayawa cik da zarar an ja su da hira suna tafiya. Goma daga cikin sha biyun nan sun faɗi cikin wata shida.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu gajeru. Tsayuwar ƙafa gaban ƙafa, diddigen ɗaya na taɓa yatsun ɗayar: wanda ya kasa daƙiƙa 10 yana cikin haɗari. Sai tashi da zama daga kujera hannu rungume a ƙirji, ana ƙirga sau nawa cikin daƙiƙa 30, wanda ke nuna ƙarfin cinya.

Kuɗi babu, lalacewa babu, duka ba su wuce minti goma ba. Haɗarin yana ga tsaro. Mai riƙe da agogo ba ya tsaron mutum, hankalinsa na kan allo. A samu mutum na biyu ya bi shi ta baya, ɗan gefe, ɓangaren da ya fi rauni, hannunsa kusa da ɗamarar da aka ɗaura masa a ƙugu. Idan ya tafi zai faɗi, ba a fizgar hannu, musamman hannun da ya shanye, don kafaɗa na iya gocewa. A jawo shi jiki ta ɗamarar a sauke shi ƙasa a hankali.

Hanya ta biyu: takardun ba da maki

Waɗannan jerin ayyuka ne da likitan fisiyo ke sa mutum ya yi yana ba shi maki. Takardun galibi kyauta ne, kuɗin yana ga lokacin ƙwararre.

Ma'aunin Berg, na Katherine Berg ta Kanada, 1989, shi ya fi yaɗuwa. Ayyuka 14, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 56, minti 15 zuwa 20. Akwai tsayuwa ido rufe, miƙa hannu gaba, ɗaukar abu daga ƙasa, waiwaye, juyawa zagaye guda, ɗora ƙafa kan matakala bi da bi, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ƙasa da 45 ake yawan ɗauka alamar haɗari. Yana da kyau ƙwarai ga mai rauni sosai da wanda bai daɗe da samun shanyewar jiki ba. Aibinsa biyu: babu tafiya a cikinsa ko kaɗan, kuma mai ɗan ƙarfi kan cinye kusan duka makin alhali yana tuntuɓe a hanya. Ƙarin maki ɗaya ko biyu ma ba ci gaba ba ne, sai ya kai 4 zuwa 7, gwargwadon inda mutum ya fara.

Na Tinetti, 1986, maki 28 ne, 16 na daidaito 12 na tafiya. Ya fi Berg sauri kuma yana duban taku, sai dai makinsa ba su da zurfi, kuma akwai kwafe-kwafensa mabambanta da ke yawo. Asibitin da ya zaɓe shi ya tsaya kan kwafi ɗaya.

Ga wanda ke tafiya da kansa amma yake layi, akwai ma'aunin FGA mai ayyuka 10 da maki 30: tafiya ana juya kai hagu da dama, sama da ƙasa, tsallake abu, tafiya da baya, tafiya ido rufe, hawa matakala. Maki 22 zuwa ƙasa alamar haɗari ce ga tsofaffi. Ya dace da masu jiri da matsalar cikin kunne.

Mini-BESTest kuwa, ayyuka 14 da maki 28, yana auna abin da sauran suka bari, wato yadda jiki ke ceton kansa idan ya riga ya goce. Mutum ya jingina nauyinsa a tafukan hannun likita har ya wuce inda zai iya tsayawa da kansa, sai likita ya saki ba zato. Mai lafiya taku ɗaya zai yi ya tsaya. Mai Parkinson zai iya yin ƙananan taku uku ko huɗu, ko ya tafi gaba ɗaya kamar itace. Wannan shi ne abin da ke raba tuntuɓe da karaya, shi ya sa ma'aunin ke da daraja, shi ya sa kuma bai kamata wanda ba a horar ba ya gwada shi a gida ba.

Raunin wannan hanya gaba ɗaya shi ne ido ya bambanta. Abin da wani ya ba 3 wani zai ba 2. Ma'aikata su zauna lokaci-lokaci su ba mutum ɗaya maki tare su ga inda suka saɓa.

Hanya ta uku: waya da na'urar ɗaurawa

Duk gwajin da aka ambata na minti kaɗan ne, a fili mai haske, mutum ya san ana kallonsa, ya tattaro dukkan ƙoƙarinsa. Faɗuwa kuwa tana iya zuwa da dare, a hanyar banɗaki, da magagin barci. Na'urar ɗaurawa ita kaɗai ke bin mutum can.

'Yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana ba, tana jin motsi da juyi ta fuska uku, tana ɗaukar awo kamar sau 100 a daƙiƙa. An fi manna ta a tsatso, don nan ne kusa da tsakiyar nauyin jiki, a bar ta mako guda. Tana fitar da yawan tafiya, saurinta, da kuma abu mafi amfani: rashin daidaiton taku. Mai lafiya kowane takunsa kusan lokaci ɗaya yake ɗauka da na bayansa. Idan wani taku gajere wani dogo ba tsari, haɗari ya ƙaru, kuma ido ba ya iya ƙirga wannan.

Waya ma tana yin kwatankwacinsa. Tun 2021 wayoyin iPhone ke da awon daidaiton tafiya mai mataki uku, daidai, ƙasa, ƙasa sosai, muddin an shigar da tsawon mutum kuma wayar na aljihu kusa da ƙugu. A matsayin gargaɗi ba laifi. Amma wayar da ke hannu, ko jaka, ko aljihun riga mai faɗi da ke lilo, motsin kanta take aunawa ba na mai ita ba.

Babbar matsalar ita ce lissafin da ke cikin manhajar yana neman bugun diddige a ƙasa ne kafin ya san an yi taku. Mai jan ƙafa, mai tafiya a hankali sosai, mai dogara da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, ba su da wannan bugun sosai, sai na'ura ta tsallake takunsu ko ta ƙirga abin da ba taku ba. Wato ta fi yin kuskure a kan waɗanda suka fi buƙatarta. Kafin a saya a tambayi mai sayarwa ƙarara: a kan su wa aka gwada ta, kuma har zuwa wane ƙarancin sauri?

Kuɗinta matsakaici ne. Batir kan mutu bayan 'yan shekaru, filastar mannawa na iya cin fatar tsoho mai laushi, mai mantuwa zai cire ya ajiye. Idan kamfani ya daina kula da manhajar, na'urar ta zama tarkace. A kuma tambayi inda bayanan ke zuwa, don motsin mutum na mako guda sirrinsa ne. Kada a ɗauka ɗaya take da agogon hannu mai kiran taimako idan an faɗi. Wannan aikinsa bayan faɗuwa ne.

Hanya ta huɗu: tabarma da allo masu jin taku

Tabarmar, irin su GAITRite da Zeno, shimfiɗa ce mai tsawon mitoci kaɗan cike da ƙwayoyin jin nauyi. Mutum ya bi ta kai, kwamfuta ta zana sawunsa: tsawon taku, faɗinsa, tsawon lokacin da ƙafa biyu ke ƙasa tare, bambancin hagu da dama. Ga mai shanyewar ɓarin jiki da mai ƙafar roba wannan bambancin shi ne zancen, kuma tabarma na nuna shi dalla-dalla cikin minti biyar. A fara tafiya mita biyu kafin tabarmar a ƙare mita biyu bayanta. Wucewa ɗaya 'yan taku kaɗan take bayarwa, don haka sai an yi ta kai da kawo kafin a yi maganar rashin daidaiton taku. Sawun sanda sai an goge shi da hannu a kwamfuta. Galibi ba ta ganin juyawa, ba ta ganin gangar jiki. Tana da tsada, kuma yawan naɗewa da tayoyin keke suna kashe ƙwayoyin.

Allon kuwa tsayawa ake yi a kansa, kamar daƙiƙa 30, ido buɗe sannan rufe, kan tauri sannan kan soso, yana auna yadda nauyi ke yawo a ƙarƙashin tafin ƙafa. Amfaninsa gano wanne ne ya gaza cikin abubuwa ukun da jiki ke dogara da su: ido, cikin kunne, ko jin tafin ƙafa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu zai tsaya daram ido buɗe, da ya rufe sai lilo. Allon ƙarfe na ɗakin gwaji yana da ƙarko na shekaru. Wani bincike a Ostareliya a 2010 ya nuna allon wasan Nintendo Wii na ba da sakamako kusa da nasa, amma an daina ƙera shi. Iyakar allo dai ita ce tsayuwa yake aunawa, mutane kuwa sun fi faɗuwa suna cikin motsi.

Hanya ta biyar: ɗakin kyamarori

Ana manna 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓi, kyamarori da yawa irin na Vicon ko Qualisys su bi su. A nan ake ganin abin da ba a gani ko'ina, misali tazarar yatsun ƙafa da ƙasa lokacin da ƙafar ke wucewa gaba, wadda ko ga mai lafiya ba ta fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. Shi ya sa bakin darduma ke kayar da mutum. Shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, yana cin awa ɗaya zuwa biyu, yana son injiniya, kuma tsoho mai rauni kan gaji tun ana manna ƙwallayen. Sakamakon ma yana son fassara: mai tsoron faɗuwa yakan buɗe ƙafafu ya rage taku, lissafi ya nuna kamar ya fi kowa tsayuwa da ƙasa. Sabbin manhajoji irin su OpenCap na Jami'ar Stanford suna yin kusan wannan aiki da wayoyi biyu ba tare da ƙwallaye ba, amma tufafi masu faɗi da abin dogarawa na rikita su.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Lokaci da sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Agogo da kujera | Kusan babu | Ba abin lalacewa | Minti 5 zuwa 10, horo kaɗan | Tana sakin masu haɗari da yawa |
| Takardun maki | Lokacin ƙwararre | Ba abin lalacewa | Minti 10 zuwa 20 | Saɓanin masu ba da maki, faɗuwa cikin gwaji |
| Waya ko na'urar ɗaurawa | Kaɗan zuwa matsakaici | 'Yan shekaru | Mako guda a jiki | Kuskure ga masu jan ƙafa da masu sanda |
| Tabarma ko allo | Mai yawa | Allo ya fi tabarma | Minti 5 zuwa 15 | Galibi ba sa ganin juyawa |
| Ɗakin kyamarori | Mafi yawa | Mai kyau, da kulawa | Awa 1 zuwa 2, injiniya | Gajiya, wahalar fassara |

Akwai abubuwan da duk biyar ɗin ba sa gani. Saukar jini idan an miƙe: a kwantar da mutum minti 5 a yi masa awon hawan jini, a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3 da tsayuwa, idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, ga dalilin jiri nan. Magungunan barci, na kwantar da hankali da wasu na hawan jini. Yanar ido, da tabarau mai haɗe da gilashin nesa da na karatu da ke ɓata ganin matakala. Takalmi mai silɓi. Na'urar da ta fi kowacce tsada za ta ce tafiya ta lalace, ba za ta ce ƙwayar da ake sha da dare ce sila ba. Kuma awon da bai kai ga atisaye ba bai rage komai ba: babban nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya nuna motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin ɗari, musamman atisayen daidaito.

Wa ya dace da wanne

Mai kula da iyaye a gida: tambayoyi uku, saurin tafiya a mita 4, TUG, da littafin rubutawa. A maimaita duk bayan 'yan watanni, da kuma bayan kowace jinya ko sauyin magani, da kujera ɗaya da takalmi ɗaya. Ɗaukar bidiyon tafiyar da waya, ta gefe da ta baya, ya fi kowace manhaja amfani idan an je gaban likita.

Ƙaramin asibiti mai cunkoso: saurin tafiya ga duk wanda ya amsa e a tambayoyin, awon jini kwance da tsaye, duba magunguna. Kuɗin tabarma gara a kashe shi wajen horar da ma'aikata.

Sashen fisiyo: Berg ga masu rauni, FGA ko Mini-BESTest ga masu tafiya da kansu. Tabarma za ta biya kuɗinta ne kawai idan masu shanyewar jiki da masu ƙafar roba suna da yawa.

Mai Parkinson: Mini-BESTest da TUG mai ƙirge, kuma a rubuta awa nawa da shan magani, don mutum ɗaya na iya zama kamar mutum biyu tsakanin lokacin da magani ke aiki da lokacin da ya sake shi. Idan ƙafarsa na maƙalewa a bakin ƙofa a gida amma ba ta yi a asibiti, nan na'urar ɗaurawa ke da amfani.

Wanda ke cin kowane gwaji amma yana ci gaba da faɗuwa: a fara da zuciya, jini da magunguna, sannan na'urar ɗaurawa ta mako guda.

Ɗakin kyamarori na masu bincike ne, da likitocin da ke shirin yi wa yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa da ta taɓa tafiyarsa tiyata.

Mai ƙafar roba kuwa TUG kan yi masa sauƙi da yawa. An fi amfani da gwajin L: ya tashi daga kujera, ya yi mita 3, ya karya kwana ya yi mita 7, ya juyo ya dawo ya zauna, jimla mita 20 da juyi ta ɓangarori biyu. Kafin a danna agogo a duba yadda dungun ya zauna cikin kwaroron ƙafar da yawan safar da ya sa, a rubuta. Dungu kan kumbura ko ya motse tsakanin safiya da yamma, kuma ƙafar da ta yi sako-sako za ta ɓata sakamakon ko da ƙarfin mutumin bai ragu ba.